Yai, Mai Farfesun Masoro

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma. Yai ta riga mu. A ƙarshen sanyin bana ta cika, aka sallace ta bayan la'asar, maza suka kai ta, mu mata muka zauna a gida kamar yadda ake yi a garin nan.

Yai a harshensu kaka ke nan. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Kambodiya, Musulma, maƙwabciyata a bene ɗaya a nan unguwar Gubaira ta Riyad, ƙofarta tana kallon tawa tun ina amarya. 'Ya'yana ne suka ji jikokinta suna kiran ta haka suka ɗauka, mu manya muka bi bayansu, har ya zama mai kantin layinmu ma bai san ta da wani suna ba.

A falonta aka yi zaman gaisuwa. Mutanen ƙasarsu ba su da yawa a Riyad, waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba. Sauran ɗakin duk mu ne, matan Kano da na Zazzau da na Damagaram, kowacce da kwanon abinci a hannu. Ɗanta, wanda yarana ke kira Kawu, ya taso daga wajen maza zai karɓi butar gahawa, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mu. Can ya ce da Larabci, "Ban san uwata tana da dangi haka ba."

Kowa da abin da ya tuna, kuma duk wadda ta buɗe baki sai zancen ya ƙare a tukunya. Wata ta ce lokacin da take laulayi ba abin da ke zama a cikinta sai romon kifin Yai mai tsamiya. Mai gadin benenmu, wanda ya shekara da shekaru yana ƙorafin warin girkinta, ya aiko da dabino, ya ce a faɗa wa iyalinta bene ya yi masa shiru, ba ƙarar turmi da safe. Maigidana da ya shigo ya zauna sai ya ce, "To, yanzu kuma wa zai riƙa sa ni kuka a kan shinkafa?" Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Babbar 'yata ba ta zauna a falo ba. Cikinta ya fara tsufa, kuma na fari ne. Ta lallaɓa ta shiga kicin ɗin Yai ta zauna a ƙasa kusa da turmin dutse. Da na bi ta na tarar ba kuka take yi ba.

"Mama, ta ce ita za ta yi min farfesun jego."

"Na sani."

"To wa zai yi?"

Na ce ni. Na faɗa ne don ta tashi daga kan tayil mai sanyi, amma a raina ban san ko na iya ba.

Wadda ta ba kowa mamaki ita ce Baaba ta unguwar Jaradiya, tsohuwar nan Bamaraɗiya da muke sayen daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a wurinta. Kowa ya san ba sa shiri da Yai. Ta shigo tana dogara sanda, ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ko 'yan ƙasar mamaciyar ba su yi ba. Tana cewa, "Wa zai ƙara zagin daddawata? Na yi rashin babbar mai cinikina." Wadda ke kusa da ni ta raɗa min, "Tsufa ne. Yaushe Yai ta taɓa sayen ko ƙulli ɗaya?" Ni ma haka na ɗauka.

A maƙabartun nan ba a rubuta suna a kan kabari. Kawu kuma ya riga ya kwashe iyalinsa sun bar ƙasar, kamar yadda gidaje da yawa ke tashi a 'yan shekarun nan. Wani zai shiga gidan, ya yi fenti, warin ma ya fita. Da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci wata shekara da na yi a gida, hannuna ba ya sauri. Amma zan bi a hankali in ajiye abin da na sani na Yai.

A jegona na fari na san ta, jegon wannan 'yar da ta zauna gefen turmi. Ban daɗe da zuwa ba, ban iya Larabci ba, takardun uwata kuma ba su fito ba balle ta zo. Aka sallamo ni daga asibiti da jaririya a hannu. Maigida direba ne, da sassafe yake fita. Na zauna ni kaɗai cikin sanyin Riyad mai shiga ƙashi, ina tuna da a gida ne da tuni an ɗora tukunyar wanka, an dama kunun kanwa, ana gasa min nama da yaji. Ina cikin shan ruwan firji aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata gajeriyar mata ce, da kallabi mai gida-gida ja da fari. Ta kalli jaririya, ta kalli ƙafata ba safa, ta kalli kofin da ke hannuna. Ta karɓe shi ta je ta zubar. Sannan ta fita.

Ta dawo da bulo da ta gasa a kan gas ta naɗe a tawul, ta ɗora min a ciki. Ta tafasa ruwa da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke sakawa a shayi, ta kai ni bayi ta yi min wanka da zafinsa, tana danna min baya. Na yi ta kallon ta ina tambayar kaina wa ya koya wa baƙuwar nan al'adarmu. Ashe tasu ce. A ƙasarsu mai jego a kan gadon gora take kwana, da garwashi a ƙarƙashi. Har ta tare maigida a matakala ta ce ya sayo gawayi. Ya ce, "Hajiya, ki rufa min asiri, gidan mutane za ki ƙona, takardar zamana ta bi shi." Suka yi ta ja da hannu da ka, ita Larabcinta gurgu, shi nasa na tuƙi, har suka daidaita a kan hitar ɗumama ɗaki.

Sannan ta kawo farfesun. Naman sa ne, ya yi baƙi da masoro, ga citta an yayyanka ta siri-siri kamar ashana, gishiri ya ji, a ƙarshen harshe kuma wani ɗan zaƙi irin na mazarƙwaila, a ƙarƙashinsu duka akwai wani abu mai nauyi da ban san sunansa ba. Ni Bakanuwa ce, cikin attarugu na tashi, na ɗauka ba yajin da zai ba ni tsoro. To namu a baki yake kama mutum, nan take ka san da shi. Nata sai ya bari ka haɗiye, ka ce ai ba komai, sannan ya taso daga ƙirji, ya bi wuya, ya fito ta goshi. Na yi gumi har rigata ta jiƙe. Na ajiye cokali, ta ɗauka ta mayar min a hannu. Kafin wani yammacin ruwan nono ya zo. Haka ta yi ta yi min har na yi arba'in, kuma a duk jegon da na yi bayan wannan, ko uwata tana nan, farfesun Yai ba ya fashi.

Mutanenmu da suka ɗanɗana sau ɗaya sukan ce abincin Khmer, wato mutanen ƙasar tasu, yaji ne kawai. Ba haka ba ne. A loma ɗaya za ka ji tsami da gishiri da zaƙi, wani lokaci har ɗan ɗacin ganye, kowanne ya zo ya gaisa ya wuce. Akwai kifin da take turarawa cikin madarar kwakwa, mai laushi kamar ƙwai, wanda ko jariri zai ci. Akwai ɗanyen mangwaro da take gurzawa da busasshen kifi da barkono, shi kam sai mai ƙarfin hali. Barkono a gefe take ajiye shi a ɗan faranti, mai so ya ɗiba. Takan ce barkono baƙo ne a tukunyarta, masoro ne ɗan gida, domin a yankinsu na bakin teku ake noman sa, tana yarinya a ƙarƙashin kurangarsa take wasa.

Komai nata daga turmi yake farawa, kuma da tsari. Ciyawar lemun nan ce farko, an yanka ta kamar gashi. Sai wata irin cittarsu mai ja-ja, sai kurkum, sai ganyen lemun tsami, sai tafarnuwa, albasa ce ƙarshe. In ka sa wani kafin wani, za ta kwashe ta sake. Kawu ya taɓa sayo mata injin markaɗe don ya huta da ƙorafin maƙwabta. Ta yi godiya, ta ɗora shi a kan kabad, ta mai da shi wurin ajiye ludayi. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Inji yanka yake yi. Turmi lallashi."

A lokacin ta fara jin Hausa, a bakin yarana ta tsince ta. Kalmomin da ta fi riƙewa uku ne: ci, ƙara, da ba daɗi. In na kai mata tuwo ta cinye tas, sai ta miƙo kwano ta ce, "Ba daɗi. Ƙara." Maigida kuwa ita ce maganinsa. Yakan zauna yana ci, hawaye na zuba, hanci na zuba, ya ce, "Hajiya, yau kin manta yaji." Ita kuma ba ta gane wasa a kan abinci, ko kuma ta gane ta ƙi nunawa, sai ta tashi ta ƙara masa.

Abin nan mai nauyi da na ji a ƙarƙashin farfesu, farahok suke ce masa. Kifi ne ake cakuɗawa da gishiri a rufe a kwalba ya yi watanni har ya narke. Ta ce a ƙasarsu ma ba kowa ke ba mai jego ba, amma uwarta tana ɗiga ruwansa kaɗan, ita ma haka za ta yi. Ranar da ta fara buɗe sabuwar kwalba, mai gadi ya hau bene da tsintsiya yana neman mataccen ɓera. Ta zaunar da shi ta zuba masa shinkafa da miyar da aka yi da shi. Ya cinye, ya sauka, washegari ya ci gaba da ƙorafinsa.

A kan wannan kwalbar suka ɓata da Baaba. Ranar sunan ɗana na biyu ne. Baaba ce mai tuwon suna, Yai kuma ta shigo da tata tukunyar, suka haɗu a ɗan kicin ɗina da mutum biyu ba sa juyawa. Baaba ta kwance ƙullin daddawa za ta kaɗa miyar kuka. Yai ta ja kallabi ta toshe hanci, ta dube ni ta ce da Hausarta, "Me ya mutu?"

Baaba ta ajiye ƙullin daddawar. Ta goge hannu, ta miƙa ta buɗe kwalbar Yai, ta shinshina, ta rufe a hankali. Ta ce, "Ɗiyata, gaya wa wagga baiwar Allah nata wanka da likkafani yake jira."

Matan da ke bakin ƙofa suka kwashe da dariya. Yai ta ɗauki tukunyarta ta fita, sai da na bi ta har gida ina ba ta haƙuri. Tun daga ranar, duk taron da ya haɗa su, wannan tana wancan bango, waccan tana wannan, ni ce 'yar aike. "Ki gaya wa mai ruɓaɓɓen kifi ta matsa da ƙafarta." "Ki gaya wa mai ruɓaɓɓen wake na ji." Yarana suka girma suka tarar da abin haka, har suna kwaikwayon su.

Yai ba ta cika zancen gida ba. Abin da na sani shi ne yaƙi ne ya tashe su, mijinta ya fito da ita da Kawu yana ƙarami ta wata ƙasa maƙwabciya, suka zo aikin hajji, ya samu aikin ɗinki a wani shago a Gubaira, a nan ya rasu. Sauran sai da ta tsufa na ji. Likita ya hana ta gishiri da yaji saboda hawan jini, matar Kawu ta dafa mata ruwa-ruwan shinkafa fari fat, ba komai a ciki. Ta ture kwanon. Aka kira ni in lallashe ta, tunda tana jin maganata. Na zauna na ce, "Yai, ki daure, cokali kaɗan."

Ta kalli kwanon. Sannan ta ce, "'Yata, na san wannan abincin."

Ta ce shekarun da aka kore su daga ƙauyensu aka kai su gona, wannan ake ba su, ruwa da 'yan ƙwayoyin shinkafa da za ka iya gani a ƙasan kwano, ba gishiri. A kansa ta binne 'ya'ya biyu. A kansa uwarta ta kwanta. Ta ce da uwar ta daina gane mutane, bayan kalmar shahada ba abin da ke bakinta sai kayan turmi, tana jero su ɗaya bayan ɗaya: ciyawar lemo, citta, kurkum, ganye, tafarnuwa, albasa. Ta kai ƙarshe ta sake daga farko.

"Na riga na ci rabona na abinci marar gishiri," in ji ta. "Ki gaya wa likita."

Ban gaya wa likita ba, amma ban ƙara sa baki a kan kwanonta ba. Ban kuma ƙara mamakin yadda take kwashe turmi ta sake in an saɓa tsari ba.

Akwai wata ɗabi'a tata da na sha gani. Duk sanda farfesu ya kusa sauka, sai ta nemo min aike. "Je ki ga ko yara sun dawo." In na ƙi motsi, sai ta juya min baya, ta zaro wani ɗan gwangwani daga bayan buhun shinkafa, ta yi abin da za ta yi, ta mayar. Na ɗauka wani sirri ne na gidansu, ko addu'a take tofawa, kunya ta hana ni tambaya. Da can ban san ta da wannan ba. Ya fara ne bayan kwalaben farahok sun daina zuwa daga gida. Alhazan ƙasarsu ne ke kawo mata, Kawu ya je ya karɓo. A hankali masu aikowa suka ƙare, ta koma yin nata da karfasar kasuwa, tana ƙunƙuni wai kifin nan bai taɓa shan ruwan kogi ba. Ni dai ban ji farfesu ya canja ba. Kuma ban taɓa dafa shi da hannuna ba. Me zai sa, ga ta a ƙofar da ke kallon tawa?

Da 'yata ta samu ciki, ta zo gaishe ta, Yai ta dafa cikin ta ce, "Ni na gasa uwarki, ni zan gasa ki." Ta sa Kawu ya nemo masoro mai kyau, ta ware ragowar kwalba guda ta ce ba mai taɓawa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke Yai. Da safe matar Kawu ta ƙwanƙwasa min, da na ga fuskarta ban tambaya ba.

Bayan an share makoki Kawu ya kawo min turmin da kansa, da masoron, da kwalbar, ba ta kai rabi ba. Na ce ko ya san yadda take yin farfesun. Ya ce, "Ni ci kawai na iya." Na tambayi ɗan gwangwanin, ya ce an kwashe tarkacen kicin da yawa, bai lura ba.

Na fara gwadawa tun kafin haihuwa. Na bi tsarin turmi yadda idona ya gani shekara da shekaru, na sa citta, na sa masoro har sai da na yi atishawa, na ɗiga ruwan kwalba. Ƙamshi ya cika bene. Na kai wa 'yata ta ɗanɗana, ta ce, "Da daɗi, Mama." Yadda ta faɗa ya ishe ni amsa. Na sake, na ƙara ruwan kwalba. Maigida ya ci ya yi gumi, ya ce, "Yaji ya ji. Amma kamar bai samu wurin zama ba." Na shiga shagunan 'yan Filifin da na 'yan Tailan a kasuwar Bataha, ina buɗe baki da guntun Larabcina, na sayo kwalabe iri-iri. Ba wanda ya yi. Da na duba kwalbar Yai, abin da ya rage bai wuce na tukunya ɗaya ba. Na rufe na ɗora a sama. Na san in na ɓata wannan, yarinyar nan za ta yi jego ba ta ci abin da aka yi mata alkawari ba, kuma ɗanɗanon ya tafi ke nan.

Ana cikin haka na je Jaradiya sayen gero da kanwa na kunun jego. Baaba tana zaune a tsakiyar robobinta. Ta auna min, ta ɗago ta dube ni.

"Ɗiyata, mi ya same ki? Haihuwar ce ke ba ki tsoro?"

Na ce ba ita ba ce, na ba ta labari. Na zaci za ta yi tsaki ta ce Allah ya raba jikarta da ruɓaɓɓen kifi. Ba haka ta yi ba. Ta jawo wata roba daga bayanta, ta zaɓi daddawa busasshiya ƙwarai, ta ƙulla, ta ajiye a kan gerona.

"Wagga take saye."

"Wa?"

"Wa muke zance?"

Na ce, "Baaba, Yai ko warinta ba ta so."

"Warin ne ba ta so." Ta gyara zama. "Tun shekarar da kwalabenta suka daina zuwa. Da rana tsaka ta shigo nan, ta sha niƙabi, kamar akwai wata mai tsawonta a Riyad. Ta ce na maƙwabciyarta ne. Na ce maƙwabciyar tana da ƙafa, jiya ma ta zo. Ta tsaya ƙiƙam. Da ta ga ba mafita ta ɗage niƙabin ta ce kifin garin nan ba shi da gindi, ta gwada komai, wannan abin nawa ne kaɗai ke zaunar da shi. Ta sa na yi rantsuwa ba zan faɗa ba tana raye."

"To zagin fa, Baaba? Duk shekarun nan ina kai saƙo ina kawowa?"

"Zagin na gaskiya ne. Cinikin ma na gaskiya ne." Ta share ido da bakin mayafi. "In ta zo sai ta zauna nan inda kike, mu sha shayi, ta ce ɗakina na wari, in ce ita ta shigo da shi."

Ta gaya min yadda ake yi, don ta taɓa tsare ta sai da ta faɗa. A gasa ta a busasshiyar tukunya har ta saki ƙamshi, a daka ta lukui, a ɗebi kan cokali, kuma sai an kusa saukewa. Na ce, "Ke kin taɓa cin farfesun?" Ta ce, "Allah ya kiyaye."

A mota ina komawa na yi ta juya ƙullin a hannuna. Shekaru ina cin daddawar da na tashi a cikinta, a tukunyar baƙuwa, hancina bai gaya min ba, don ban taɓa tsammanin ta a can ba.

'Yata ta sauka lafiya, mace aka samu. Da ta dawo gidana wanka, na gasa bulo na naɗe a tawul, na tafasa ruwa da ciyawar lemo, na dama kunun kanwa. Sannan na sauko da kwalbar. Na yi bisimilla na bi turmi ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin sunayensu a hankali yadda wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta faɗe su a wata gona. Na juye ragowar kwalbar duka. Da lokacin daddawa ya yi, sai na ga na juya wa ƙofa baya, alhali ba kowa a kicin ɗin sai ni.

Na kai mata. Ta yi loma ɗaya ta haɗiye, ta tsaya tana jira. Na ga gumi ya fara tsattsafowa a goshinta. Ba ta ce da daɗi ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ci, tana ci tana jan hanci, ban tambaye ta ko masoro ne ba. Da ta gama ta miƙo kwanon ba ta dube ni ba, ta ce, "Ba daɗi. Ƙara."

Baaba tana gefe, ta zo barka, jaririya a cinyarta. Ta ce, "Miƙo nan in ji abin da aka yi ta yi da daddawata a ɓoye." Na zuba mata kaɗan. Ta shinshina ta yamutsa fuska, ta kai baki. Ta yi tari, idonta ya kawo ruwa, ta lalubi kofi, 'yata ta ce, "Baaba, ban da ruwan sanyi." Ta haƙura ta cinye, ta suɗe cokali.

"Har yanzu wari yake," in ji ta. Ta miƙo kwanon.

Ranar suna uban jaririya ya sa mata sunan Yai na yanka. Mu ba za mu iya kiran sunan ba, don haka Yai muke ce mata. Kawu ya ɗauke ta ya yi mata addu'a da harshensu kafin maigida ya kai su filin jirgi.

Sauran farfesun jegon da daddawa da busasshen kifi na ƙarasa shi. Ba daidai yake da nata ba, amma yana zama. Kwalbar tana nan a kan kabad, ban wanke ta ba tukuna. Wani lokaci in na gama aikin safe, na ji bene shiru, nakan buɗe ta in shinshina in rufe.

Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata mata makwanci, Ya saka mata da abin da ta yi wa baƙuwar yarinyar da ba ta san ko sunanta ba. Ya sada ta da uwarta da 'ya'yanta biyu a inda ba wanda zai ƙara jin yunwa. Duk wanda ya taɓa yin gumi a kan kwanonta, ina roƙon ya sa ta a addu'a.